Asalin Kalmar "Hawan Daba"

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano ya ji ana ce da irin wannan taro hawan daba. Ko mai karatu ya san inda kalmar nan ta fito? Daga Turanci muka aro ta, watau durbar. Turawan Ingila ma aro suka yi a ƙasar Indiya, gama a harshen Farisa darbar fadar sarki ce. Sun yi irin wannan taro a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, domin su nuna ƙarfin mulkinsu. Da suka ci ƙasar Hausa, sai suka laƙaba wa hawan sarakunanmu wannan suna. An yi wa Yariman Wales daba a Kano a 1925, aka kuma yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956.

Amma fa suna kaɗai suka kawo. Hawan Salla ya girme su nesa ba kusa ba, gama ana danganta shi da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. A wurin Bature abin kallo ne. A wurin kakanninmu kuwa, jahin da mahaya ke yi gaban sarki mubaya'a ce. In muka manta da wannan, dawaki da ado kawai za mu bar wa 'ya'yanmu.