Daga Goku zuwa Frodo: da me ake auna girman jarumi?

Tun da Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a mujallar Shonen Jump ta Japan a 1984, labaran da suka bi sawunsa da ƙarfi suke auna girman jarumi: Goku ya sha kaye, ya koma horo, ya dawo ya rama. Mujallar mako-mako ce, dole mai karatu ya riƙa ganin ci gaba. Shi kuwa Tolkien, a littafinsa na 1955, ya kai Frodo har bakin wuta amma ya kasa jefa zoben. Ya koma gida da yatsu tara da ciwon da bai warke ba. Ni dai wannan ya fi taɓa ni. Anime ɗin Frieren na 2023 ma nan ya karkata: ƙarfi tana da shi tuntuni, abin da ya rage mata shi ne fahimtar Himmel, bayan an binne shi.