Kwana 16 a Gwayaniya: tarihin wani hatsarin tururin nukiliya

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba hatsarin da ya auku a birnin Gwayaniya na ƙasar Birazil a shekarar 1987. Abin da muke son nunawa shi ne, a hatsarin tururin nukiliya, babbar asara tana aukuwa tun kafin a gane ciwon, kuma ganewar tana hannun likitan farko da majinyaci ya je wa.

2. Yadda al'amarin ya faru

A 1985 wani asibitin jinyar sankara mai zaman kansa ya tashi daga mazauninsa, ya bar wata na'ura mai ɗauke da sinadarin seziyom 137. Ranar 13 ga Satumba 1987 wasu mutane biyu masu neman tsofaffin ƙarafa suka kwance kan na'urar suka tafi da shi gida. A cikinsa akwai gari mai nauyin giram 93, mai narkewa a ruwa kamar gishiri. Ba a jima ba suka fara amai. Ranar 15 ɗayansu ya je asibiti da zawo da kumburin hannu, aka ce masa abinci ne ya ɓata masa ciki.

Ranar 18 aka sayar da ƙarfen ga wani dillalin tsofaffin ƙarafa. Da dare ya ga abin yana haske shuɗi, sai ya shigar da shi gida, dangi da maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, wasu har suka shafa garin a jiki. Wata yarinya ƴar shekara 6 ta ci abinci da hannun da ya taɓa shi. Matar dillalin ita ma ta kwanta, ita ma aka ɗora laifin a kan abinci. Amma ita ce ta lura cewa ciwon ya shigo gidan tare da ƙarfen. Ranar 28 ta sa shi a jaka, ta hau motar bas ta kai shi ofishin kula da tsabta na birnin. Kashegari wani masanin fizik ya zo da na'urar awo da ya aro, ya tabbatar da abin da ake ciki. Kwana 16 ke nan da buɗe na'urar.

3. Aikin jinya

Daga nan hukumomi suka yi hanzari. An mai da filin wasanni wurin awo, inda aka auna mutane kusan dubu 112, aka sami 249 da garin ya taɓa. An kwantar da mutum 20, an kai 14 daga cikinsu asibitin sojan ruwa na Riyo de Janero. An ba mutum 46 maganin da ake kira shuɗin Purusiya, wanda yake kama seziyom a hanji ya fitar da shi ta bayan gida. Duk da haka, a ƙarshen Oktoba mutum huɗu suka rasu: matar dillalin, da yarinyar, da ma'aikatansa biyu. An rushe gidaje 7, an kwashe shara mai guba wajen mita kubik 3 500.

Tsoro ma ya yi tasa ɓarnar. Mutanen da garin bai taɓa ba sun yi ta zuwa da amai da zawo saboda fargaba, kuma ranar jana'izar yarinyar jama'a suka tare maƙabarta suna jifa don kada a binne ta a can.

4. Abin da tarihin ya nuna

Bayan hatsarin Carnobil na 1986, ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar taimakon juna a ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, kuma Birazil ta sami taimako daga waje. A 1987 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta kafa tsarin REMPAN mai haɗa cibiyoyin jinyar irin wannan hatsari. Duk waɗannan suna aiki ne bayan an yi kira, a Gwayaniya kuwa kiran ne ya makara. Alhali alamun ba su buƙaci manyan kayan aiki ba: amai ba tare da dalili ba, ƙuna a fata ba tare da wuta ba, raguwar fararen ƙwayoyin jini cikin kwana biyu, da mutanen gida ɗaya ko sana'a ɗaya suna kwanciya a jere. Abin da aka rasa shi ne tambayar majinyaci abin da ya taɓa a kwanakin baya.

5. Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu. Nijar tana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, Yamai ta buɗe cibiyarta ta farko ta jinyar sankara da tururi a 2021, cinikin tsofaffin ƙarafa kuma yana ci a Maraɗi da Damagaram da Tawa. A ganinmu shiri yana farawa da abubuwa uku: rajistar kowace na'ura mai tururi har ranar da za a kawar da ita, koyar da waɗannan alamu a makarantun likitoci da na malaman jinya, da ajiye na'urar awo a manyan asibitocin jihohi. A Gwayaniya, mace ce da ba ta karanta likitanci ba ta riga likitoci haɗa ciwon da ƙarfen, kuma ba ta rayu ba.