Aron Kari: Tafiyar Waƙa Daga Kano Zuwa Gwanja

Abin da samarin yau ke kira rimiks, wato a ɗauki tsohuwar waƙa a sauya mata riga, ya daɗe a adabin Hausa, har manazarta suna da sunayensa. Akwai tahamisi, inda sha'iri zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa ɗango uku nasa, ya zama biyar. Haka aka yi wa "Tabbat Haƙiƙa" ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka yi aiki a kanta, aka mayar da ita Hausa daga Fulatanci, aka kuma yi mata tahamisi. Akwai kuma aron kari, wato a bar kalmomin waƙa a ɗauki muryarta kawai. Aliyu Namangi na Zariya ya gina "Imfiraji" a kan karin kiɗan caji, ya raba muryar da dandali ya kai ta zauren wa'azi. Babu wanda ya ce masa ɓarawo.

Kari kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanya, ya ratsa Borgu da Mango da Yendi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake karɓar goron Asante. Kasuwar bayi ce kuma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Madugu ba ya tafiya da jakai kaɗai. Akwai malamai da makaɗa da maroƙa a bayansa. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mazauna zango suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi ta rubuta waƙoƙi da Larabci da ajami har ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Wannan fatauci ne ya bar Hausa a bakin 'yan kasuwar Bawku da Gambaga, maƙwabciyar Nalerigu, fadar Nayiri sarkin Mamprusi. A Yendi kuwa, masu goge na fadar Ya-Na, waɗanda Dagomba ke kiran kayan kiɗansu gonje, har yau suna da waƙoƙin yabo da ake jin Hausa a cikinsu.

Garmaho ne ya fara kama murya ya tsare ta. A 1928 ƙungiyar Kumasi Trio ta je Landan ta naɗi "Yaa Amponsah" a kamfanin Zonophone, kuma salon jitarta ya zama kari da mawaƙan hailaif suka yi ta ara shekara da shekaru. Amma faifai yana da tsada, yana kuma fashewa. Kaset ne ya shiga ko'ina. Daga shekarun 1970 duk mai rikoda biyu ya zama kamfani, muryar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ta riƙa bin motocin goro da na shanu zuwa zangunan Gana, ana kwafa daga kwafi har sautin ya dushe.

A daidai wannan zamani fina-finan Indiya suka mamaye gidajen sinima na Kano. Yara suka riƙa sa wa muryoyin Indiya kalmomin Hausa don wasa, sai masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suka ɗauki muryoyin nan suka zuba musu begen Annabi. Hujjarsu ita ce ta Namangi: a karɓe murya mai daɗi daga hannun shagala. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kafu, daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da ya ɓarke kasuwa a ƙarshen shekarun, aka haɗa karin Indiya da fiyanon Yamaha, aka mayar da shi ga soyayya. A nan ne aka yi ca. Malamai da wasu marubuta suka ce an shigo da baƙuwar al'ada, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Abin lura shi ne, ba aron ne ya tayar da ƙura ba, tunda an san shi tun tale-tale. Inda aka kai abin aron ne, wato rawar mace da namiji a gaban kyamara. Masana'antar dai ta ci gaba, har Ali Nuhu ya karɓi kambun AMAA a 2007 saboda rawar da ya taka a Sitanda.

Zango ma ya bayar da aro. Ƙungiyar VIP, 'yan unguwar Nima ta Akara, masu cuɗa Hausa da Twi a waƙoƙinsu, sun fitar da "Ahomka Womu" a 2003, ta kwashe kyaututtuka a bikin karrama mawaƙan Gana na 2004. A 2017 Wizkid na Legas ya ɗauki muryarta ya yi "Manya". Sai dai zamani ya sauya. A da, mai aron kari bashin godiya kawai ke kansa. Yanzu akwai dokar haƙƙin mallaka da kuɗin da ake ƙirgawa a intanet, don haka tambayar wane ne mai murya ta koma maganar lauyoyi.

Sai mafarautan faifai. Brian Shimkovitz, Ba'amurke, ya sayi kaset ɗin Ata Kak a bakin titi a Cape Coast a 2002, ya buɗe shafin Awesome Tapes From Africa da shi a 2006, ya yi shekaru yana cigiyar mawaƙin kafin ya sake buga waƙoƙin a 2015. Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya zo Kano ya tattara waƙoƙin fim, ya fitar da su a 2013 da sunan Harafin So, a kan faifai irin na da. Muryar da ta taso daga Bombai, ta sa rigar Hausa a Kano, ta ƙare a kantin faifai a Portland.

Ana iya yi musu kallon masu cin arha, kuma zargin ba ya rasa tushe a sana'ar gaba ɗaya, ko da yake waɗannan biyun sun shahara da raba riba da mawaƙa. Amma abin da suka tsinta kaɗan ne daga abin da ke akwai. Waƙoƙin biki da na Mauludi da na siyasa da aka naɗa a zangunan Yendi da Bawku ba su bi ta kamfani ba balle a ajiye uwar kaset. Suna cikin akwatuna da kwalaye, zaren yana manne wa juna saboda zafi da damina, masu shagunan da suka san muryar wane ce a kowane kaset kuma sun koma tura waƙa a waya.