Toni Morrison da Rubutun Wasu

A 1993 Toni Morrison ta zama baƙar mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta adabi. Da littattafanta ake tunawa da ita, amma shekaru da yawa na aikinta a kan rubutun wasu ta shafe su, kuma daga nan ne babban littafinta ya samo tushe.

An haife ta a Lorain, cikin jihar Ohio ta Amurka, a 1931. Bayan ta yi karatu a jami'o'in Howard da Cornell ta koyar da Turanci, sannan ta zama edita a kamfanin buga littattafai na Random House. Tana renon 'ya'ya biyu ita kaɗai, sai da asuba take samun sararin yin nata rubutun. A haka The Bluest Eye ya fito a 1970. Da rana kuwa tana tace rubutun Angela Davis da Muhammad Ali, ta kuma shirya wani tarin adabin Afirka a 1972 wanda ya ƙunshi Chinua Achebe da Wole Soyinka.

Yayin haɗa The Black Book, kundin tarihin baƙaƙen Amurka na 1974, ta ci karo da wani tsohon labarin jarida a kan Margaret Garner, baiwar da ta gudu daga Kentucky a 1856. Da masu kamu suka cim mata a Cincinnati, sai ta kashe 'yarta don kada a mayar da yarinyar cikin bauta. Morrison ta riƙe labarin fiye da shekara goma. Ta bar Random House a 1983, Beloved ya fito a 1987, ya ci kyautar Pulitzer shekara guda bayan haka.

Daga 1989 zuwa 2006 ta koyar da rubutu a Jami'ar Princeton. Shawararta ga ɗalibai ta saɓa wa wadda aka saba ji: kada su tsaya ga abin da suka sani na rayuwarsu, su ƙirƙiro mutumin da bai yi kama da su ba. Daga bakin wadda ta gina littafi a kan baiwar da ta rasu tun kafin a haife ta, maganar tana da nauyi. A ajinta ne Mohsin Hamid, marubucin Pakistan, ya rubuta daftarin farko na Moth Smoke.