Kasuwar Yaƙi da Ginin Zaman Lafiya: Waiwaye Daga Birnin Gwambe

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane yaƙi yakan tsaga bangon hukuma, kuma ta wannan tsaga ce wata irin kasuwa ke kafuwa, wadda hajarta ita ce makamai da kwangila da kayan agaji da dukiyar ganima. A wannan ɗan nazari za mu dubi yadda kasuwar nan ke daɗewa fiye da yaƙin da ya haife ta, har ta hana zaman lafiya kafuwa. Mun zaɓi mu yi hangen daga Gwambe ne saboda jihar, wadda aka ƙirƙiro a ran 1 ga Oktoba 1996, tana tsakiyar Arewa Maso Gabas, ta kuma yi iyaka da Barno da Yobe da Adamawa da Taraba da Bauci. Duk abin da ya samu yankin, sai ya biyo ta tashoshinmu da kasuwanninmu.

Darasin Farko: Bayan Yaƙin Basasa

Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, gwamnatin Janar Yakubu Gawon ta yi shelar manufofi uku, wato sasantawa da farfaɗowa da sake gini. A lokacin Gwambe tana cikin Jihar Arewa Maso Gabas. Rundunar sojan da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin yaƙi ta kai kimanin 250,000, ga shi kuma kuɗin man fetur sun fara kwararowa. Da sunan gina wa waɗannan sojoji bariki aka yi odar siminti har kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. A 1975 jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, ana biyan su kuɗin jira, simintin kuwa yana daskarewa a cikinsu.

An hamɓarar da Gawon a ran 29 ga Yulin wannan shekara, binciken da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi kuma ya sami goma daga cikin gwamnoni goma sha biyu da laifin almundahana. Masana'antar siminti ta Ashaka, wadda take arewa da birnin Gwambe, sai a 1979 ta fara aiki. Abin lura shi ne, kalmar "sake gini" ta zama mabuɗin baitulmali ga waɗanda suka iya sarrafa ta, kuma wannan ɗabi'a ba ta bi gwamnatin da ta faɗi ba.

Darasi na Biyu: Yaƙin Boko Haram

Bayan kusan shekara arba'in, yaƙi ya zo mana har gida. A Nuwamban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga masana'antar Ashaka suka kwashi nakiya da motoci. A ran 22 ga Disamba bam ya tashi a tashar Dukku. A ran 14 ga Fabrairun 2015 suka kutso cikin birnin, suna watsa takardun gargaɗi kada kowa ya fita zaɓe. A ran 16 ga Yuli kuwa, jama'a na tsakiyar sayayyar Ƙaramar Salla, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa, suka hallaka kusan mutum hamsin.

Tambayar da ta dami kowa a lokacin ita ce, ina kuɗin tsaro suka shiga? A Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen fama, su kuwa suka ce ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗauri. Shekara guda bayan haka aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuƙi, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. Ko ma yaya gaskiyar take, talaka ya riga ya yanke nasa hukuncin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su ma masu tayar da ƙayar bayan ba da wa'azi kaɗai suka rayu ba. Sun saci shanu suna sayarwa ta hannun dillalai, har ta kai gwamnatin Barno ta rufe wasu kasuwannin dabbobi a 2016. Ɓangaren da ya ɓalle a wannan shekara ya koma Tafkin Cadi ya kafa karɓar haraji daga masunta da makiyaya. Da hukuma ta hana cinikin kifi don ta toshe musu hanyar samu, cinikin bai tsaya ba, sai ya koma ta bayan fage, aka kuma yi ta zargin wasu jami'an tsaro da cin moriyarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Agaji da Sake Gini

Ƙididdigar da gwamnatin tarayya ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ta nuna cewa ɓarnar da aka yi a jihohi shida na yankin ta kai kusan dala biliyan 9. A Disamban wannan shekara kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya bankaɗo kwangilar nan da aka yi wa laƙabi da "yankan ciyawa" a shirin shugaban ƙasa na tallafa wa Arewa Maso Gabas. Wannan ya yi sanadin sallamar Sakataren Gwamnatin Tarayya, Babachir Lawal, a Oktoban 2017, ko da yake kotu ta wanke shi a 2022. A Yunin 2017 kuma ofishin muƙaddashin shugaban ƙasa da kansa ya ce a cikin kowace mota ɗari ta abincin 'yan gudun hijira, fiye da hamsin kan ɓace a hanya. Masu wannan abinci su ne waɗanda muka gani da idonmu sun sauka a unguwannin Gwambe daga Gwoza da Dambuwa, ba su da komai sai tufafin jikinsu.

A Malam Sidi, cikin Ƙaramar Hukumar Kwami, an buɗe sansanin shirin Safe Corridor a 2016 don sauya tunanin tubabbun mayaƙa da koya musu sana'a. Manufa ce mai kyau, amma nasararta ta rataya ne a kan amana. Matar da aka kashe wa miji, aka kuma sace buhun masararta a hanya, da wuya ta yarda cewa adalci ne a sallami tubabbe da kayan sana'a. Shi kuma tubabben, idan ya koma gida ya tarar babu hanyar cin abinci sai fasa-ƙwauri da kai wa na daji kaya, to ƙofar komawa ba ta rufe ba ke nan.

Kammalawa

Abin da waɗannan darussa biyu suka nuna mana shi ne, hukuma takan kafu ne a kan yardar talaka cewa abin da aka ware dominsa zai iso gare shi. Duk inda mutane suka sami riba a cikin yaƙi, za su so ya ɗore, ko da a ƙarƙashin sunan zaman lafiya ne. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa bisa dokar 2017 tana da damar kauce wa tarihin simintin 1975, muddin ana bayyana kowace kwangila a fili, ana kuma kai shari'ar almundahana ƙarshe cikin lokaci. In ba haka ba, mun kashe maciji ne ba mu sare kansa ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a tashar Dukku da babbar kasuwa, Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.