Tarihin Gano Hanyar Jini a Idon Mai Ciwon Suga

Kafin 1851 likitoci ba su da hanyar duba cikin idon mutum mai rai. A shekarar ce masanin nan Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya ƙera madubin leƙa ido, aka fara ganin siraran jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a tantanin bayan ido. Ba a jima ba Eduard Jaeger na birnin Biyana ya zana tabon da ya gani a idon wani mai ciwon suga. Albrecht von Graefe, wanda ake ji da shi a fannin, bai yarda ciwon ne sanadi ba. Sai a 1872 Edward Nettleship na Landan ya kawo hujja daga naman idon da ya bincika.

Da aka fara yi wa marasa lafiya allurar insulin a Toronto a 1922, masu ciwon suka yi tsawon rai, ɓarnar da suga ke yi wa jijiyoyi sannu a hankali ta fito fili.

Wani al'amari kuma ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai: mutum yana zaune kalau, sai ido ɗaya ya yi duhu kamar an saki labule, bayan 'yan mintoci gani ya dawo. An ɗauka jijiyar idon ce ke tsukewa ta saki. A 1952 C. Miller Fisher, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, ya nuna cewa sau da yawa tushen matsalar yana babbar jijiyar wuya. Daga baya aka tabbatar cewa a can kitse ke taruwa, ɓarɓashinsa ya ɓalle ya tare jini na ɗan lokaci. Wasu daga cikin majinyatan Fisher sun sami shanyewar ɓarin jiki bayan irin wannan duhu. A 1961 Robert Hollenhorst a Amurka ya bayyana ɓarɓashin nan masu sheƙi da ke maƙalewa a jijiyoyin ido. A shekarar ce kuma ɗalibai biyu, Novotny da Alvis, suka wallafa dabarar zuba rini a jini a ɗauki hoton tafiyarsa cikin ido.

Aikin Fisher ya shafi mai ciwon suga sosai, domin ciwon yana gaggauta toshewar jijiyoyi manya da ƙanana. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ne ya sa a yau ake ɗaukar duhun ido ɗaya, ko da ya washe, a matsayin larurar da ke buƙatar asibiti a ranar.