Tarihin Akwatin Gem a Ƙasarmu: Abin da Na Gani a Sanyinna

Gabatarwa

Duk wanda ya duba rubuce-rubucen da aka yi a kan wasannin Hausawa zai tarar da bayanin langa, da dara, da ɓoyo, da tashe, da gaɗa, da sauran wasannin dandali. Amma akwai wani wasa da ya shigo mana tun wajen shekara 30 da suka wuce, ya cinye lokacin yara ƙwarai da gaske, wanda manazarta ba su cika waiwayarsa ba. Shi ne wasan na'urar nan da ake jonawa da talabijin, wadda yara ke kira gem. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in kawo tarihinta a taƙaice, sa'an nan in bayyana yadda ta iso mana a Sanyinna, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tarihin gem a wurinmu tarihi ne na kayan jabu da na taron jama'a. Ya sha bamban da wanda Japanawa da Amurkawa suka rubuta wa kansu, kuma in ba mu rubuta namu ba, babu mai rubuta mana.

Asalin Na'urar

Na'urar farko da aka sayar don wasa a talabijin na gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a 1972, bisa ƙirar wani injiniya mai suna Ralph Baer. A 1977 kamfanin Atari ya fito da tasa mai amfani da kaset, watau a cire wannan wasa a sa wancan. Kasuwa ta buɗe, kowa ya shigo da tarkacensa, har masu saye suka gaji da wasanni marasa kyau. A 1983 kasuwar ta faɗi warwas, har Atari ya haƙa rami a Jihar New Mexico ya binne kaset masu ɗimbin yawa da suka yi kwantai.

A cikin wannan shekara ce kuma, ran 15 ga Yuli, kamfanin Nintendo na Japan ya fito da tasa na'urar mai suna Family Computer, ko Famicom a taƙaice. Shi wannan kamfani tsoho ne, an kafa shi a birnin Kyoto tun 1889, kuma da buga katin karta ya fara. A 1985 ya kai na'urar Amurka da sunan NES, ya kuma fito da wasan Super Mario Bros. wanda Shigeru Miyamoto ya tsara. Jimlar na'urorin da aka sayar a duniya ta haura miliyan 61. Daga baya Sega ya kawo Mega Drive a 1988, Sony kuma ya kawo PlayStation a Disamba 1994, mai amfani da faifai maimakon kaset.

Yadda Ta Iso Mana

To, ina muke a cikin wannan lissafi? Amsa ita ce, ba ma ciki. Lokacin da Famicom ke tashe, a lokacin ne Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta fara zubewa. Nairar da a da take kafaɗa da kafaɗa da dala, kafin tsakiyar shekarun 1990 sai an ba da kusan 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala ɗaya, na bayan fage kuwa ya ninka haka. Magidancin da ke fafutukar gero da takin zamani ba zai sayi na'urar Japan ta asali ba.

Abin da ya kawo mana gem shi ne jabu. Famicom ta Japan ba ta da makullin da aka sa wa NES ta Amurka don hana ta karɓar kaset ɗin da ba na kamfani ba. Saboda haka masana'antun Taiwan, daga baya kuma na ƙasar Sin, suka kwaikwayi na'urar da kaset ɗinta, har suka iya dunƙule dukkan ƙwaƙwalwarta a ɗan guntu guda, abin ya yi araha. Ba mu kaɗai muka tashi da irin wannan ba. A Rasha ana kiranta Dendy, a Folan ana kiranta Pegasus, a Sin kuwa Subor. Namu sun zo da sunaye iri-iri, kamar Terminator da PolyStation. Ita wannan ta biyun ma siffar PlayStation aka yi mata, sai an buɗe murfin faifai a tarar da ramin kaset. Da yawa an kai su an baro.

Hanyar da sauran kayan lantarki ke bi ita ta biyo, watau daga tashar jiragen ruwa zuwa kasuwar Alaba a Legas, daga nan zuwa Sabon Garin Kano, da Babbar Kasuwar Sakkwato, da Jega. Mu dai a unguwarmu ɗan ci-rani ne ya kawo ta. Wani kawuna da ke tafiya kudu in an gama aikin gona ya dawo da ita a 1996, shekarar da Nijeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki zinariyar ƙwallon ƙafa a Atlanta. Mai karatu ya lura, shekara 13 ke nan bayan fitowar Famicom, kuma PlayStation ta riga ta shiga kasuwa. Abin da ya zama tsohon yayi a Tokyo, shi ne sabon yayi a wurinmu.

Abin da Ke Cikin Kaset

Kaset ɗin yawanci rawaya ne, an rubuta a jikinsa wai wasanni 9999999 ne a ciki. A gaskiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai dai a maimaita su, a canza suna, ko a fara daga wani mataki dabam. Guda huɗu ne suka fi shiga ranmu.

Na farko shi ne Mario, ɗan gajeren mutum mai gashin baki, wanda ke fasa bulo da kai, ya ci laimar kwaɗi ya girma, ya tattake kunkuru, yana neman ceto 'yar sarki. Duniya 8 ce a ciki, kowace da mataki 4. Kakarmu takan tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Wai ku, wanga ɗan mutum da ka ta tsalle, ina za shi?" Mu ce, "Kaka, 'yar sarki za shi cetowa." Ta ce, "Tun jiya bai iske ta ba? Ashe ba shi da rabo."

Na biyu shi ne Contra na kamfanin Konami, inda sojoji biyu ke kutsawa daji. Rai 3 ake ba mutum, amma akwai sirrin madannai da ke mai da su 30, kuma wanda ya san shi ba ya faɗa sai da cin hanci na ƙuli-ƙuli. Na uku shi ne harbin agwagi da bindigar roba. Mun daɗe muna gardama a kan yadda talabijin ke gane inda aka auna. Ashe babu abin da ke fita daga bindigar. Wani ido ne a cikinta mai jin haske. Da an danna kunama sai fuskar talabijin ta yi baƙi na ƙiftawar ido, wurin da agwagwa take ya yi fari, in idon ya ga farin to an samu. Shi ya sa bindigar ba ta aiki da talabijin shafaffe na bango, sai da tsohon mai ƙeya.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka, shi ne wasan tankar yaƙi, Battle City, na kamfanin Namco, na 1985. Mutum biyu ne ke tsare wata mikiya da aka kewaye da bulo. In abokan gaba suka harbe ta, ku duka kun faɗi, komai yawan ran da ya rage muku. Dole ɗaya ya fita farauta, ɗaya ya tsaya gadi. A nan ne yaro ke gane wanda za a iya bar wa amana.

Akwai wani abin mamaki da na sani daga baya. Talabijin na Japan yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu kuwa sau 50. Saboda haka a na'urorin da aka yi don irin talabijin namu, gudun Mario da kiɗansa sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida. Watau hatta Marion da muka sani ba daidai yake da na yaran Japan ba. Haka nan hura kaset da baki da muke yi in hoto ya dagule ba magani ba ne. Cirewa da mayarwa ne ke gyara zaman haƙoransa, danshin baki kuwa tsatsa yake jawowa.

Daga Zaure Zuwa Gidan Gem

Masu ƙera na'urar yaro ɗaya ko biyu suka nufa, a cikin ɗakinsu. Mu kuwa na'ura ɗaya ce, abin riƙewa biyu, yara kusan ashirin a zaure, ga wutar NEPA ba tabbas, sai in an tada inji. Don haka dokokin da muka gada daga dara da langa su muka ɗora mata. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Babba ke raba layi. 'Yan kallo ba sa shiru, kowa malami ne. Yara mata ma suna karɓar layinsu, tun da a cikin gida ake yi.

Wajen shekarar 2000 sai abin ya canza. Masu ɗan jari suka fara buɗe gidajen gem a shaguna, da PlayStation da aka yi wa dabara don ta karɓi faifan jabu. In idonta ya raunana sai a kifa ta, ta ci gaba da karatu. Wasan da ya mamaye ko'ina shi ne ƙwallon Winning Eleven na Konami, mai sharhi da Japananci, wanda muke kwaikwayo ba tare da mun san abin da ake cewa ba. Kowa na son ɗaukar Barazil don ya mai da Roberto Carlos ɗan gaba saboda gudunsa da ƙarfin bugunsa, mai kishin ƙasa kuma ya ɗauki Nijeriya saboda Okocha da Kanu. A inda nake zuwa naira biyar ake biya, mai Murtala ɗaya kuwa ya zama sarki a ranar.

Ra'ayina

A ganina, shigowar kuɗi ita ce ta raba zamanin biyu. Gem na zaure wasa ne, na shago kuwa ciniki ne. Daga nan aka fara jin yaro ya gudu daga makarantar allo, ko ya taɓa canjin cefane, ko samari sun sa kuɗi a kan wasa, abin da ba shi da maraba da caca. Iyaye da malamai da suka tsani gidajen nan suna da hujja. Wata asarar da ba a cika faɗa ba ita ce ta yara mata, domin da gem ya fita daga gida ya koma shago, ƙofa ta rufe musu.

Amma ban yarda da masu cewa gem ne ya kashe dandali ba. Talabijin ya riga shi, ga kuma finafinan bidiyo na Hausa da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, ga sauyin ra'ayin iyaye game da fitar dare. Hasali ma, a farkon zuwansa dandali ne ya haɗiye gem, ya ɗora masa dokokinsa. Abin da ya watsa taron shi ne wayar hannu. Bayan an fara wayar salula a Nijeriya a 2001, wasan maciji na Nokia ya shiga aljihu, daga nan kuma aka kai ga wayoyin da ke ɗauke da ɗaruruwan wasanni. Mai wasa a waya ba ya jiran layi, ba ya bukatar mai gadin mikiya, ba kuma wanda zai yi masa dariya in ya faɗi. Hoto ya ƙara kyau, amma abokin wasa ya ragu.

Kammalawa

Nintendo ya daina ƙera Famicom a 2003. A birnin Rochester na Amurka akwai gidan tarihi sukutum na wasanni, inda ake adana irin waɗannan na'urori. Namu kuwa, da yake jabu ne, ba su da rajista a littafin kowane kamfani, yawancinsu sun tafi hannun 'yan gwangwan. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da su dubi wannan fage. A zanta da waɗanda suka riƙe gidajen gem, da masu gyaran rediyo da suka riƙa liƙa wayoyinsu, a Tambuwal, da Kebbe, da Jega, da sauran garuruwa. A tattara kalmomin da yara suka ƙirƙira, da dokokin layi, da laƙabin da aka sa wa gwanaye. Wanda kuma ke da tsohuwar na'ura a ƙarƙashin gado, ya dace ya miƙa ta ga wuri irin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Malamanmu sun rubuta langa da dara tun masu yinsu na da rai, shi ya sa muka same su. Masu buga Mario a zaure har yanzu suna nan, yawancinsu sun kai shekara arba'in, kuma ba su manta ba tukuna.